Takalman Nomau a Bakin Kogon Rataye

Da sunan Wanda ya kafa duwatsu ba da tubali ba, ya rataye gajimare ba da igiya ba, ya ɓoye ruwa a cikin dutse, ya ɓoye wauta a cikin mai ganin kansa da wayo. Bayan haka, ni Arzika ɗan Maigishiri zan ba ku labarin ranin da na ci a garin Rataye, da takalman da na ɗauka ba wanda ya aike ni.

Ku sani, ni mutum ne da zama yake sa wa ciwo. Tun ina saurayi ban taɓa yin damina biyu a gari ɗaya ba. Na yi haƙar rijiya a ƙasar Jan Yashi, na yi tuƙin kwalekwale a kogin Zarga, na yi kiwon raƙuman wani mutum da har yau ban yafe masa ba. Ko'ina na sauka, kafin kwana arba'in tafin ƙafata ya fara ƙaiƙayi. A wata kasuwa na ji labarin ƙasar Bayan Gajimare, inda aka ce akwai malamai masu ganin taurari da rana tsaka, waɗanda suka san inda kowace hanya ta duniya ta ƙare. Aka ce mini hanyar zuwa can ɗaya ce, wani mashigi a kan Dutsen Huci, kuma ayari ɗaya ne yake haye shi a shekara, a ƙarshen rani. Ko furar da aka dama mini ban shanye ba na kama hanya.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina hawa. Na ratsa wani kwari da ba ya mayar da amo sai bayan kwana guda. Ina tafe ni kaɗai na ji ana zagin jaki a bayana, na waiwaya ba kowa, ashe zagin wani falke ne da ya wuce jiya. Na ce ai ba za a bar ni a baya ba, ni ma na zabga nawa na bar wa mai zuwa gobe. A kwana na tara na iso wata gadar igiyoyi tsakanin tsauni biyu, iska tana kaɗa ta kamar shanya. Wata tsohuwa mai tsinkar ganye ta dube ni sama da ƙasa ta ce da wannan jiki nawa na karan dawa, iska za ta yi gaba da ni kafin in kai tsakiya. Raina ya ɓaci, amma gaskiya ta faɗa. Na cika burgamina da duwatsu, na ɗaura a ƙugu, na haye da rarrafe ina salati. Da na isa zan zubar, sai na ga tsibin irinsu a wurin, na gane ba ni ne siriri na farko ba.

Rataye gari ne da ya ci sunansa. Gidajen manne suke a jikin dutse, rufin wani shi ne ƙofar gidan wani, gonakinsu kuma a ƙasa, hawa-hawa kamar matakala. Ruwan sama ba ya sauka a gefensu sai can ƙololuwa, inda yake taruwa a wani tafki da suke toshe bakinsa da ƙasa da duwatsu. A ƙarshen rani sai su fasa madatsar, ruwan ya gangaro ya shige cikin dutsen, ya ratsa wani babban kogo, ya ɓullo daidai kan gonaki. A kogon akwai jemagu masu girman shirwa, ba mai iya ƙirga su. Aikin rani shi ne a shiga lungu-lungu a kankaro kashinsu, a jibge shi tsibi-tsibi a kan hanyar ruwan, don ranar da aka sake shi ya kwashe takin ya kai gona da kansa. Madugun ayari kuwa ba ya ɗaukar baƙo sai wanda ya yi wannan aiki, domin guzurin hanya daga rumbun gari ake ɗiba. Na ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, a ba ni kwando.

A bakin kogon akwai wani falalen dutse, a gefensa kuma wata dattijuwa mai suna Inna Tabawa, da ƙaho rataye a wuyanta. Ran farko ta tara mu baƙi ta gaya mana doka. Ba a shiga da takalmi, don santsi. Kowa ya tuɓe nasa ya ajiye a kan falalen, in ya fito ya ɗauka da hannunsa. Muddin akwai takalmi a wurin, akwai rai a ciki. Ranar ƙarshe, in falalen ya zama wayam, ta busa ƙaho, na sama su fasa madatsa. Ta ce ba mai ɗaukar wa wani, ko ɗa ba ya ɗaukar wa ubansa. Na ji ta sarai, kada wani ya ce ban ji ba. Amma idona yana can kan mashigi.

Biyu-biyu ake shiga, kuma Allah da ikonsa sai aka haɗa ni da mutumin da ya fi kowa nawa a garin. Sunansa Nomau, dattijo ne mai faɗin ƙirji, shekararsa arba'in yana shiga kogon. Kafin ya ɗaga ƙafa sai ya shafa wurin da zai sa ta. Kowane lungu muka shiga sai ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa bango, ya kasa kunne. Ni na cika kwando uku, shi yana kan na farko. Na sha gaya masa cewa da wannan tafiya tasa damina za ta same mu a ciki. Ba ya fushi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sai dai ya yi dariya ya ce dutsen ya girme mu duka, bai kuma taɓa zuwa ko'ina ba.

Duk da haka na so shi, ba zan ɓoye ba. Shi ya koya mini riƙe aci-balbal a ƙasa-ƙasa don kada hayaƙi ya tayar da jemagu. Ya nuna mini ɗakin da duwatsu suke reto daga sama kamar hantsar saniya, suna ɗigar da ruwa mai zaƙi, da kududdufin fararen kifaye marasa ido. Ya nuna mini yadda dutsen yake shaƙar iska da safe ya huce ta da yamma, har wutar fitila ta kwanta gefe guda. Na tambaye shi ko bai taɓa jin tsoro ba, da tafki guda a kan kansa kullum. Ya ce tsoron me, takalmansa suna waje suna yi masa magana. Gida ya kai ni, matarsa ta riƙa zuba mini tuwo a kwanonsa. Wata huɗu muka yi a haka.

Ranar ƙarshe ta zo, ita ce kuma ranar tashin ayari. Madugu ya ce da la'asar sakaliya zai ɗaga daga gindin mashigi, wanda bai iso ba sai baɗi. Da hantsi sauran ma'aikata suka gama suka fice, saura ni da Nomau. Sai ga shi wai zai haura ya duba wata ƙaramar ƙofa da ke can sama, wadda iska take shigowa ta cikinta, kamar yadda ya saba kowace shekara. Na ce Baba, don girman Allah, yau ma? Ya dubi ƙafafuna da suka kasa tsayawa wuri ɗaya ya ce in tafi abina, shi zai ɓulla ta ƙofar saman ya zagayo. Ya shafa kaina, ya ce Allah ya kai ni inda hanyoyi suka ƙare in ya so in huta. Na ɗauki fitilata na yi waje, ko waiwaye ban yi ba.

Na fito rana ta take. A kan falalen takalma biyu suka rage, nawa da nasa, wasu tsofaffin fade da aka sha yi wa faci. Inna Tabawa ta zaga bayan dutse ta tayar da sallar azahar. Na sa nawa, na tsaya ina kallon nasa. Hanyar da zan bi zuwa mashigi ta bakin ƙofar saman take wucewa. Na tuna tsakuwar wurin mai kaifi kamar fasasshen kasko, na ga dattijo yana takawa ba takalmi har ƙasa. Na ce a raina ai rashin tausayi ne, kafin in isa ma ya fito yana jirana, in miƙa masa ya yi mini addu'a. Raka'a huɗu kawai zan jira in gaya wa Inna Tabawa. Raka'a huɗu, jama'a. Na kasa. Na sunkuya na ɗauke su, na soke a ɗamarata, na kama hawa ina jin daɗin kaina.

Na isa ƙofar saman ina haki, na tarar da ita a toshe. Wani ɓangaren dutse ya zabtaro ya rufe ta, sai wata 'yar kafa da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Ba sawun mutum a wurin. Na kira sunansa ta kafar har sau uku, shiru. Ina nan durƙushe sai na ji ƙahon Inna Tabawa daga ƙasa, dogo, ba tsinkewa. Can sama wani ƙahon ya amsa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Madatsar in an fasa ta ba ta sake toshuwa, gudu zuwa can aikin banza ne. Komawa ƙasa in shiga ta babbar ƙofa, ruwa ya riga ni. Daga inda nake ina hangen ayarin a gindin mashigi, ana ɗora wa alfadarai kaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta raya mini cewa ba wanda ya gan ni, kafin a gane na yi nisa. Na tofa wa wannan tunani yawu. Na ajiye burgamina, na riƙe fitila da igiya da salkar ruwana, na cusa kai cikin kafar. Wannan jiki na karan dawa da aka yi wa gori, ranar ya yi mini rana, ko da yake na bar fatar kafaɗuna a jikin dutse.

Na faɗa ciki, na kunna fitila, na yi ta gudu ina zamewa ina tashi. Ban yi nisa sosai ba na hango haske. Yana zaune abinsa a kan wani dutse, ya miƙe ƙafa ɗaya, yana cin goro. Ashe da ya ga ƙofar a toshe ya juyo, sai ya gurɗe a idon sawu, ya ce bari ya huta. Ya yi mamakin ganina, ya tambaye ni ko ayarin ya fasa tafiya. Na ce ya tashi, an busa ƙaho. Ya yi dariyar nan tasa.

"Kunnenka ne, Arzika. Tabawa ba ta busa ƙaho a kan takalmi. Nawa suna can."

Na sa hannu a ɗamarata na zaro su, na ajiye a gabansa.

Ya daɗe yana kallonsu. Goron da ke bakinsa ya daina tauna shi. Na so ya zage ni, na so ya kwaɗa mini mari, bai yi ko ɗaya ba. Ya juya ya manna kunnensa a jikin bango, ya rufe ido, sannan ya ce ruwa ya riga ya shigo dutse. Ya ce ƙofar ƙasa ta yi mana nisa, kafar da na biyo kuwa ba za ta ɗauki ƙirjinsa ba, in koma ta can tun da sauran hali. Na ce in na koma ni kaɗai Allah ya tsine mini. Na durƙusa na goya shi.

Nauyinsa ya kai buhun gero biyu. Yana bayana yana gaya mini hanya, dama, hagu, sunkuya, har muka isa ɗakin jemagu mafi tsayi. Ya ce mu hau wani tudu a jikin bango. Na hau na ɗaura igiya, na jawo shi da ƙyar. Iska ta fara zuwa da ƙarfi, ta kashe fitilun biyu lokaci guda. Sai ƙara, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Jemagu suka tashi gaba ɗaya suna marinmu da fikafikai. Ruwan ya iso, sanyinsa kamar ana yanka mutum da aska, ya kama idon sawu, ya kama gwiwa, bai tsaya ba.

Na tambaye shi ko zai tsaya. Ya ce shi bai taɓa ganin cikin kogon da ruwa ba, ba kuma wanda ya taɓa gani ya ba da labari. Abin da ya sani, hanyar ƙasa tana da ƙunci, ba ta iya shanye ruwan a lokaci ɗaya, don haka sai ya taru a nan ya yi sama. Na ɗaga kai don in roƙi Allah, sai na ga wani ɗan haske can ƙololuwa, kamar ƙwayar gero, jemagu suna ta ficewa ta wurin. Rami ne miƙaƙƙe kamar rijiya, amma bakinsa na ƙasa ya fi gaba goma daga inda muke, ba abin kamawa. Na ce a raina, in ruwan nan sama zai yi, to ya tafi da mu. Na kwance salkata na zubar da ruwan ciki, na hura ta har idanuna suka yi ja, na ɗaure bakin tam. Na ɗaura masa ita a ƙirji, na ɗaura igiyar a ƙugunsa da nawa. Tudun ya ɓace a ƙarƙashin ƙafafunmu, muka tashi.

Ruwan ya yi ta juya mu yana buga mu da bango. Ni ina iyo da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wuyan rigarsa, ina jan mu zuwa ƙarƙashin hasken. Haƙoransa suna kaɗawa, can kuma suka daina, wannan ya fi ba ni tsoro. Na yi ta yi masa surutu don kada ya sume. Na zage shi ma, na ce shekara arba'in yana nawa, yau kuma zai yi saurin mutuwa ya bar ni da abin kunya. Na ji ya yi wani ɗan gurnani, na ce alhamdu lillahi. A hankali ruwan ya cusa mu cikin ramin, ya yi ta ɗaga mu, hasken yana faɗaɗa, har na fara ganin saiwoyin itace. Saura kamar gaba huɗu sai ya tsaya cik. Na sa hannu a bango na ji ya fara ja da baya.

A nan haƙar rijiya ta yi mini amfani. Na kwance igiyar daga ƙuguna na cije ta da haƙori, na tokare bayana da bango ɗaya, ƙafafuna da ɗayan, na yi ta turawa sama kamar yadda muke yi a Jan Yashi. Na fito, na zarga igiyar a gindin wata bishiya, na ja. Tafin hannuna ya sale, na ja. Ban san inda ƙarfin ya fito ba, na dai ga kansa ya ɓullo, na kama shi ta hammata muka zube tare a kan ciyawa. Rana ta yi ja. Can nesa ayarin ya kai tsakiyar mashigi, ya zama siririn layi kamar jerin tururuwa. Ban daɗe ina kallo ba, don Nomau ba ya motsi. Na danna cikinsa ya amayar da baƙin ruwa, ya yi tari, ya buɗe ido.

A bayana na sauko da shi gari. Mutane suna can gonaki suna murnar ruwa, suka gan mu suka kewaye mu. Ban jira an tambaye ni ba, na faɗi abin da na yi tun daga farko. Inna Tabawa ta zauna daɓas a ƙasa, ta cire ƙahon daga wuyanta tana kallonsa, ta ce shekara talatin ba ta taɓa busa shi a kan mutum ba. Wasu samari suka so su taɓa lafiyata, ban kuma ga laifinsu ba. Matar Nomau ce ta ce su bari, a kai mata mijinta ɗaki tukuna.

Kwana arba'in ya yi a kwance yana tari. Ni na yi masa noma a wannan damina, ni na ɗebo ruwa, ni na faskara itace. Ya warke, ƙafar ma ta koma daidai, ya riƙa fita yana zagaya gonarsa. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, tuwo kuma a kwano ɗaya muka ci gaba da ci. Na ɗauka komai ya wuce, har na fara yi masa tsiya kamar da.

Rani ya zagayo, aka buɗe kogo. Da sassafe muka hau tare, ni da kwando biyu, nawa da nasa. Mutane suna ta shiga biyu-biyu, har ya rage mu kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofar yana kallon duhun, ya kasa shiga, mutumin da ban taɓa ganin ya ja da baya ba. Na ce Baba, mu shiga mana, wallahi ko hannuna zai rube ba zan sake taɓa kayan wani ba. Ya ce ya sani, bai ko yi shakka ba.

"To mene ne, Baba? Ruwan kake tsoro?"

"Ruwa ba ya zuwa sai an kira shi," in ji shi. "Da mugunta ka yi mini, Arzika, da na shiga, don mugu ana ganinsa tun daga nesa. Amma kai sona ne ya sa ka ɗauki takalman. A garin nan masu sona suna da yawa."

Ya karɓi kwandonsa daga hannuna, ya miƙa wa wani baƙo da ya iso a makare yana neman abokin shiga, ya gaya masa ya riƙe fitila ƙasa-ƙasa. Sannan ya juya ya kama hanyar gida, yana takawa a hankali kamar yadda ya saba. Shekara tara ya ƙara a duniya bayan wannan, kogon yana kallon ƙofar gidansa, bai sake sa ƙafa a cikinsa ba.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda ya ji ya riƙe, wanda ya ƙara a kai, nauyin yana wuyansa.